Ranar da Gwiwar Saje Nomau Ta Ba da Shaida

Ana gobe zai tafi Kaduna a saurari ƙararsa, Saje Nomau ya kwanta ya yi wani mafarki. Amma gara a fara sanin mutumin tukuna, don wanda bai san Saje ba zai ɗauka sharri ake yi masa.

Tsohon soja ne, ya yi ritaya ya dawo Gusau ya zauna da matarsa Tasalla. A gwiwarsa ta hagu akwai wani guntun ƙarfe da ya shige ta ranar da nakiya ta tashi da motarsu a kan wata gada, can wata ƙasa da aka kai su aikin kiyaye zaman lafiya. Ƙarfen ya samu wuri ya yi zamansa. Da tsufa ya kama Saje, sai ƙarfen ma ya fara nuna hali: ya hana shi durƙuso, ya hana shi barci, ya mayar da shi mai salla a kan kujera. Likita ya ce sai an yi aiki, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Aikin kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗan fansho. Sai Saje ya nemi haƙƙinsa na wanda ya ji rauni a bakin aiki, aka kira shi gaban kwamitin likitoci.

A nan ya tafka abin da har gobe Tasalla ba ta yafe masa ba. Yana zaune a benci yana matsa gwiwa, sai ga babban likita mai muƙamin Kanar ya shigo. Jikin Saje bai tsaya shawara da shi ba. Ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya buga ƙafar nan mai ciwo a ƙasa, ya sara. Kanar ya ce, "Yaya jiki, Saje?" Ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe!" Aka ce ya ɗan taka a gani. Ya cije haƙora ya yi musu maci daga bango zuwa bango, har wani ƙaramin likita ya tafa masa. Suka rubuta cewa garau yake. Yana fita ƙofar asibitin ya zube, sai 'yan acaba ne suka ɗaga shi.

Tasalla ce ta matsa aka ɗaukaka ƙara, kuma tun daga ranar take yi masa bita.

"Ka ɗauka ni ce Kanar ɗin. Yaya jiki, Saje?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

"Sauƙin me? Mutumin da ɗazu sai da na kama shi ya tashi daga tabarma?"

"Ke ai namiji ba ya kai ƙarar jikinsa."

"To ai an riga an kai! Ka je gobe ka sake ce musu lafiya lau, ka dawo ka same ni."

Da wannan ya kwanta.

Sai ya gan shi a tasha, cikin mota, a kujerar gaba. Motar ba ta motsi. Garuruwan ne ke tahowa. Tsafe ta wuce ta taga, Funtuwa ta biyo ta da masu rake a kanta, Zariya ta ɗan tsaya ta sha iska sannan ta ƙara gaba. Saje ya ga wannan tsari ya yi, ba gargada, ba ƙura, gwiwa ba ta jijjiga.

"Masu Kaduna ku shirya," in ji kwandasta. "Ba ta jira."

Ruwa ake yi a Kaduna. Daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama. Mata sun kife robobi a kan igiyar shanya suna tarewa, ma'aikata kuma kowa ya buɗe lemarsa ya taka ta yana jan ƙafa. Saje ba shi da lema, saboda haka ruwan ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Da ɗumi-ɗuminsa yake, ya ji daɗinsa ƙwarai.

Ofishin ɗaukaka ƙara cike yake da tsofaffin sojoji, kowa ya zo da ciwonsa a hannu. Wani ya ɗaure tarinsa da igiya yana ja. Wani ya rufe kurumtarsa a cikin kwanon sha. Wani dogo ya goya ciwon bayansa da zane, yana jijjiga shi kada ya farka. A bayan tebur akwai akuya da tabarau, ita ce akawu. Tana tauna wani fayil a natse, don a ofishin nan ba a karatu da ido. Ido yana mantuwa, in ji su, ciki ne ba ya mantuwa.

"Saje Nomau," in ji akuyar. "Na karanta naka jiya. Ba gishiri. Ina ciwon da ka kawo?"

Saje ya dubi hannuwansa. "Ai yana jikina, ranki ya daɗe."

"Yaya yake?"

"Lafiya lau."

Sai aka ji ƙaras a bayanta. Matakalar da ke wurin ta ƙara tsawo.

"Kotu tana sama," in ji akuyar. "Duk lafiya lau ɗaya, matakala ɗaya. Ba mu muka sa dokar ba, haka muka tarar. Na gaba!"

Saje ya kama hawa. Abin da ya cuce shi masu saukowa ne, don duk mutanen kirki ne masu gaisuwa. Wannan ya ce ina gajiya, Saje ya ce ba gajiya, ƙaras. Wancan ya ce yaya hanya, Saje ya ce lafiya lau, ƙaras. Wata tsohuwa ta tsare shi ta tambayi iyali, ta tambayi yara, ta tambayi damina, har da mutanen Gusau gaba ɗaya, Saje yana amsawa matakala na haihuwa. To ya zai yi? A gaishe shi ya yi shiru, a ce ɗan gidan wa? Ya hau har ya wuce inda ruwan sama ke taruwa, ya ga gajimare sun jeru ana cika su kamar randuna. Daga ƙarshe dai ya cire hularsa ya cusa a baki, yana amsa gaisuwa da kai. Da haka ya isa.

Kotun gonar gero ce, a gindin wata tsamiya. Alƙalai uku ne. Na tsakiya tsohon bunsuru ne mai farin gemu. A damansa kunkuru, yana rubuta hukuncin shari'ar bara. A hagunsa kakin soja ne da ya sha guga, zaune ƙyam, ba kowa a ciki. An rataye babban sikeli a reshen tsamiyar. Lauyar gwamnati zabuwa ce, tana kai da kawowa.

Bunsuru ya yi gyaran murya. "Saje, kotun nan abu uku take tambaya. Akwai ciwo? A bakin aiki aka same shi? Ya kai yaya? Shaidar masu cewa babu tana hawa wannan hannu na sikeli, ta masu cewa akwai tana hawa wancan. In suka yi daidai, soja ke da gaskiya, don shi ya riga ya biya nasa tun da can. Ka gane?"

Saje ya cire hula daga baki. "Na gane, ranka ya daɗe."

Zabuwa ta matso. "Ya mai shari'a, ba mu da gaba da Saje. Mu ma muna son sa. Ba mu ce ƙarya yake yi ba, cewa muka yi gaskiya ya faɗa. Shaidarmu ɗaya ce, shi kansa."

Aka shigo da buhuna. Aka kwance bakinsu aka fara juyewa a sikeli. Duk lafiya lau ɗin da Saje ya taɓa faɗa ne tun dawowarsa daga waccan ƙasa, ƙanana-ƙanana kamar gyaɗa, kowace in ta faɗo sai ta faɗi kanta da muryarsa. Ga ta gaban Kanar, ita ta fi kowace ƙiba. Ga waɗanda ya faɗa wa liman, ga na mai kanti, ga na surukai, ga tulin na Tasalla. Hannun sikelin ya sauko har ya nutse a cikin kunyar gero.

"Kana da shaidu?" in ji bunsuru.

Kafin Saje ya buɗe baki, gwiwarsa ta hagu ta kwance kanta ta diro. Ashe da 'yar hular soja a kanta. Ta yi tsalle ta hau kututturen shaida.

"Gwiwa, yaya jiki?"

Gwiwa ta ƙame ta buga ƙasa. "Lafiya lau, ranka ya daɗe!"

Zabuwa ta tsince ta ta jefa a kan tulin. Saje kuwa, in za a faɗi gaskiya, sai da ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ya ce a ransa, ai horo ya yi.

Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin gwiwar. Guntun ƙarfen ne. "Ni dai ba ruwana da rigimarku. A kan gada na shiga, yana sanye da kaki, yana riƙe da bindigar gwamnati. Ban taɓa fita ba, ko kasuwa."

Kakin da ke kujerar alƙali ya gyaɗa wuyan riga. Aka ɗora wannan magana a ɗaya hannun, sikeli ya ɗan motsa.

Aka kira darduma. Ta shigo a naɗe, ta warware kanta a gaban kotu. "Ni ce dardumarsa," in ji ta. "Da can goshinsa nake gani. Yanzu ƙafafun kujera nake gani. Ba ƙara na kawo ba, yana salla kan lokaci. Kewarsa kawai nake yi."

Wannan ta taɓa Saje. Ya sunkuyar da kai, don shi ma kewar yake yi, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Can gefe ashe Tasalla na zaune da kaskonta tana suyar ƙosai, ƙosan na tashi sama ɗaya bayan ɗaya suna maƙalewa a tsamiya. Ba ta jira an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, ni nake kwana da shi. Filo yake ciza don kada in ji. Ka tambaye shi filo nawa na ɗinke. In na yi magana ya ce ɓera ne. Ɓera mai haƙoran mutum!"

Aka ɗora ta darduma, aka ɗora ta Tasalla. Tulin gyaɗar nan ya ɗago daga ƙasa, ya yi sama, ya yi sama, sai ya tsaya. Kunkuru ya ɗago kai a hankali ya duba.

"Saura kaɗan," in ji shi, ya koma rubutunsa.

"Saje," in ji bunsuru, "saura kai. Kotu ba ta iya ba mutum abin da ya ce ba ya buƙata. Yaya jiki?"

Wallahi Saje ya yi niyya. Ya tattaro maganar tun daga cikin ciki, ya kawo ta har maƙogwaro. Sai ƙafarsa ta dama ta miƙe da shi, ƙirjinsa ya turo gaba, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe!"

Tasalla ta wurgo masa matsami. Zabuwa ma sai da ta yi tsaki kafin ta tsinta.

"Kotu za ta tafi kiwo," in ji bunsuru. "In mun dawo, tambaya ɗaya ta rage maka. Daga ita an rufe, ƙafa kuma ta sandare."

Sai ga Saje a kan gada. Ya gane ta nan take, ita ce. An share ta tas, kogin da ke ƙasanta yana gangarawa zuwa kan dutse. A tsakiyarta akwai teburin mai shayi, mai shayin kuwa Kofur Istifanus ne, amininsa, wanda ke tuƙa motar ranar da nakiya ta tashi. Shi bai dawo gida ba. Yana nan yadda yake, saurayi, da wushiryarsa. Yana sheƙa shayi daga kofin ƙasa zuwa na sama.

"Nomau! Kai, mutumina, ka tsufa!"

"Kai ne dai ka ƙi tsufa. Yaya wajen naku?"

"Lafiya lau. Ni in na faɗa gaskiya ce, ba inda ke min ciwo. Zauna. Madara biyu ko? Kai fa, yaya jiki?"

"Ai..."

"Kada ma ka fara. Tun daga nan nake jin ka."

Saje ya zauna a benci ya karɓi kofi. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

"Istifanus, da wane baki zan faɗa? Mota ɗaya muke. Kai a bargo aka kwaso ka. Ni na dawo, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, ina cin tuwo da miyar kuka. Sai in tsaya gaban mutane in ce wai gwiwa tana min ciwo? Kunyarka nake ji. Gani nake kamar rashin godiya ne."

Istifanus ya ajiye kofi ya yi dariya har da riƙe ciki. "Au! To duk lafiya lau ɗin nan ni kake aiko wa? Ai suna isowa! Leƙa ka gani."

Saje ya leƙa ƙarƙashin gada. Ga su nan jibge, sun kusa tare kogi.

"Na rasa yadda zan yi da su," in ji Istifanus. "Ba sa kama wuta, kifi ba sa ci. Nomau, ni mutuwata ta ishe ni, ban ce ka ƙara min da gwiwarka ba. Allahn da kake wa godiya ai ya san tana ciwo. To wa kake ɓoye wa, Kanar? Ka tuna ni nake tsaya maka da bindiga a bakin daga kana salla, sauro na cizo na? Ban yi wannan gadi don ka ƙare a kan kujera ba. Ka je a gyara ka, ka sa goshinka a ƙasa yadda ka saba."

Saje ya yi kuka. Hawayen ba su sauko ba, sama suka yi suka bi ruwan Kaduna. Da ya gama sai ya ji ƙirjinsa sakayau, rabonsa da jin haka tun yana ƙaramin soja. Ya shanye shayin. Sukari ya yi yawa, dama haka Istifanus yake haɗawa.

"Tashi, alƙalan naka sun dawo daga kiwo," in ji Istifanus. "Ka gaida Tasalla. Ka ce mata tana da gaskiya, amma kada ka faɗa da ƙarfi."

Kotu ta zauna. Akwai ɗanyar ciyawa a gemun bunsuru.

"Saje Nomau, yaya jiki?"

Ƙafar dama ta yunƙura za ta miƙe. Saje ya dafe ta da hannu biyu ya ci gaba da zamansa.

"Alhamdulillahi," in ji shi.

Zabuwa ta buɗe buhu.

"Alhamdulillahi, yana ciwo, ranka ya daɗe. Yana ciwo ƙwarai. In sanyi ya sauko kamar ana buga min ƙusa. Ba na iya durƙusawa, ba na iya ɗaukar jikata in ta miƙo hannu. Macin da na yi wa Kanar kwana na yi ina biyan sa. Filon nan ma ba ɓera ba ne. Ina so a yi min aiki."

Maganar ta faɗo daga bakinsa 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar gero ba. Kunkuru ya ɗauke ta ya ɗora. Reshen tsamiya ya yi ƙara, hannuwan sikeli suka yi lilo, suka tsaya daidai wa daida.

Gwiwa ta cire hularta, ta zauna a kan kututture, ta ce, "Wash!" Zabuwa ta ɗaure buhunta ta ce dama ita tun farko ta ga alama. Kakin ya ɗaga hannun riga ya sara wa Saje, Saje kuwa ya amsa daga zaune, bai ji ya yi wa kowa rashin ladabi ba.

"To," in ji bunsuru, "kotu ta ji, kotu ta auna. Abin da kotu ta yanke shi ne..."

Ya buga kofato a tebur. Ƙwan. Ya sake bugawa. Ƙwan. Ƙwan. Ya yi ta bugawa bai faɗi komai ba.

Bokiti ne. Tasalla ce a tsakar gida take buga gindinsa tana kakkaɓe shi, za ta juye masa ruwan zafi. Gari ya fara wayewa. Gwiwa tana inda take, tana aikin da ta saba.

Tasalla ta ɗaga labule. "Saje, an tashi lafiya?"

Ya dube ta. "A'a."

Ta tsaya da labulen a hannu. "Me ka ce?"

"Na ce ban tashi lafiya ba. Gwiwar nan ciwo take min, Tasalla. Zo ki kama ni."

"Alhamdulillahi!" in ji ta, ta saki labulen ta taho da sauri tana goge ido da bakin zane. Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa ta ɗaga shi. "To ka riƙe ta haka har Kaduna. Kada ka gaisa da kowa a hanya."